Ƙusoshin Dona Zenaide

Wandona na zuwa coci ne ya fara gano asirin Dona Zenaide, tun kafin danginta su gano, tun ma kafin ni da nake cikin wandon.

Wata Lahadi ce ƙanin matata, Clóvis, ya zo mana daga São Paulo. Clóvis irin mutanen nan ne da ko wata ka nuna musu, sai su ce na garinsu ya fi haske. Da muka gama da agwagwa da rogo, na ce bari in kai shi ya ga abin da ba su da shi. Na ja shi har ƙarshen layinmu, inda unguwar Badenfurt take gangarawa bakin kogin Itajaí, na tsaya gaban gidan Manske na ware hannuwa kamar ni na gina.

"Duba nan, suruki. Ka ga baƙin katakon nan da ya yi wa gidan ƙashi, jan bulo ya cike tsakani? Kowane gungume an sassaƙa masa harshe, an fafe wa ɗan'uwansa baki, an zura, an soke da ɗan turken itace. Ya haura shekara ɗari a tsaye, babu ƙusa ko ɗaya. Ni mai sayar da ƙusa nake gaya maka. Da haka kowa yake gini, da tuni yunwa ta kashe yayarka."

Na jingina da ginshiƙin baranda don maganar ta zauna da kyau. Da na ɗago sai na ji ƙyaaat, tun daga aljihun baya har ƙasan cinya, iska ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

Clóvis ya sunkuya ya leƙa ginshiƙin. "To wannan fa, suruki? Haƙori gidan ya fitar don tsufa?"

Ƙusa ce, doguwa, rabi a cikin katako rabi a waje. Kuma na san ta sarai, daga kwalin da ke ƙarƙashin kantata ta fito.

Sai ga mai gidan, Dona Zenaide, ta ɓullo ta gefe da kwanon wake a kunkumi, 'yar gajeriya, baƙar fata ta rana, gashi fari fat. Ta dubi Clóvis, ta dubi ƙusar, ta dubi abin da nake ƙoƙarin rufewa da hula.

"Ta rataya albasa ce," ta ce. "Bawan Allah, zaga baya ka ga lambu, ka tsinki lemo. Ka kiyayi dinyar, ba ta son 'yan birni."

Da ya ɓace ta matso kusa da ni. "Nereu, ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba, Dona Zenaide, sai cinyata. Ita ma ban ji daɗin ganinta ba."

"Madara ce ta taso a wuta, na bar ƙusar ban ƙarasa ba," ta ce, kamar da kanta take magana. Ta ciro guduma daga ƙarƙashin waken, ta ba ƙusar duka uku har kanta ya nutse, ta mayar da gudumar. A nan tsaye, da hula a mazaunai, na tuna cewa watanni ke nan matar nan tana sayen manyan ƙusoshi a shagona, wai na akurkin kaji.

Zenaide ba jinin Manske ba ce, zuriyar Jamusawan da suka gina gidan, kuma an daɗe ana tuna mata. 'Yar mai haƙar yashi ce daga Ilhota, can ƙasan kogi, ubanta da shebur da kwalekwale ya ciyar da su. Ta hau zuwa Blumenau tana budurwa, ta shiga masaƙar tawul, ta haɗu da Arno Manske a rawar ƙungiyar maharba. Dogo ne, ja kamar an dafa shi, yana taka mata ƙafa yana ba ta haƙuri da Jamusanci. Ta ce masa ko ya koyi rawa ko ya koyi yaren mutane. Bai koyi ko ɗaya sosai ba, amma ya aure ta.

Uwarsa, Oma Hertha, ta karɓe ta kamar yadda ake karɓar takardar haraji. In Zenaide ta zauna a tebur, sai hira ta koma Jamusanci. Falon gaba, mai agogon bango da kabad ɗin tangaran, ba a bar ta ko ta share shi ba, wai hannun yashi zai karce katako. Abin da aka ba ta shi ne bayan gida, gangaren da ya sauka har kogi, wanda a lokacin ba komai cikinsa sai ciyawa da fasassun kwalabe da tsohon garken alade. Oma Hertha kora take nufi. Zenaide ta duba ta ga ƙasa aka ba ta, ita da ubanta bai taɓa mallakar ko inda zai kafa tsinke ba.

Tana dawowa daga masaƙa sai ta tuɓe takalmi. Ta tsince kwalabe, ta yi kunya-kunya a gangaren don kada ruwan sama ya kwashe, ta sa rogo da gwaza da wake da kabeji, ayaba a ƙasa inda danshi yake, lemo a sama kusa da ɗakin girki. Shekarar aurenta ta binne ƙwallon jabuticaba, itacen da ba ya gaggawa. Maƙwabta suka ce jikokinta ne za su sha. Allah bai ba ta ko ɗa ba balle jika, amma ta jira, har ranar da baƙaƙen 'ya'yan suka fito manne a jikin gindin itacen kamar an liƙa su da hannu, ta cika kwano ta ajiye a gaban surukarta.

Kogi kuwa yana zuwa lokacin da ya ga dama. A nan kowa ya san iyakar da ruwa yake kaiwa kafin ya shigo masa ɗaki, kamar yadda ya san ranar haihuwarsa, kuma gidan Manske yana cikin na farko. Duk ambaliya sai ta shafe lambun. Maƙwabta suna kuka, ita tana taka lakar da ƙafa tana cewa kogi ya kawo taki bai nemi ko sisi ba. A ambaliyar shekarar tamanin da uku ruwa ya rufe tagogi. Suka tare a ɗakin saman rufi, ita da Arno da Oma Hertha da kaji. Da ruwan ya fara ja, Zenaide ta sauko cikinsa har kunkumi da tsintsiya, tana dama laka tana kora ta ƙofa ta bi ruwan da ya kawo ta, domin in ka bari ta bushe sai da diga. Tsohuwar tana zaune a kan tsani tana kallo. Can ta buɗe baki, karo na farko a rayuwarta, ta yi wa matar ɗanta magana da yaren da take ji.

"Kin bar lungun can."

Zenaide ta ce wannan ne yabo mafi girma da ta taɓa samu a gidan, kuma ta riƙe shi.

Oma Hertha ta tafi, bayan shekaru Arno ya bi ta, a kan kujerarsa ta baranda, jarida a cinya. Sai ga 'yar mai yashi ita kaɗai a gidan Manske, da dinya guda mai mugun hali. Sai dai gidan ba nata ba ne duka. Uban Arno ya bar wa 'ya'yansa uku, rabon Arno kaɗai ne ya faɗo hannunta, sauran yana wurin 'ya'yan 'yan'uwansa, kuma bakinsu shi ne Egon.

Kada wani ya ɗauka Egon mugu ne. Ɗan yayan Arno ne, mai gidan burodi, ƙato mai saurin hawaye, wanda ya yi duk hutun makarantarsa a gidan nan yana cin kek ɗin ayaba na Zenaide har cikinsa ya ɗaure. Yana son gidan kamar ransa. A ambaliyar baya shi ya zo da kwalekwale ya same ta a saman rufi, kwana biyu ba wuta ba waya, tana zaune da dinya a cinya tana ɓare gyaɗa. Ita ba ta tsorata ba. Shi ne ya tsorata, kuma tsoron bai sake shi ba.

Da laka ta bushe ya tara dangi a teburin gidan. Ta dafa kofi, ta yanka kek, ta zauna a ƙarshen tebur inda ta saba.

"Tante," in ji Egon, don haka yake kiran matar kawunsa da Jamusanci, "ba sayarwa za mu yi ba, ki ji ni da kyau. Kwance shi za mu yi, gungume-gungume, mu ɗora a mota, mu mayar da shi yadda yake a filina na kan tudu a Vila Itoupava. Don haka aka gina shi. Kakan kakanmu ma daga wani wuri ya kwanto shi ya kawo nan. Ɗakinki yana nan, tagarki tana nan, har ƙugiyar da kike rataya tawul."

"In na buɗe tagar, me zan gani?"

"Duwatsu, Tante. Ga iska mai kyau."

"Iska nake ci? Ita jabuticabar, da turke aka soke ta, da za ku kwance ku ɗora a mota?"

"Za mu saya miki manyan tukwane, ki shuka abin da kike so."

"Tukwane," ta ce. "Na binne shekara hamsin a bayan gidan nan, za a ba ni tukunya kamar mai jinya. Ƙasar fa, wa za ku ba?"

Egon ya dubi kofinsa. Mai manyan motocin da ke maƙwabtaka ya daɗe yana neman wurin ajiye tireloli, kuma ba wani mai hankali da zai sayi filin da kogi yake kwana a ciki.

"Kwalta za a shimfiɗa a kan rogona ke nan."

Wata 'yar'uwar Egon ta karkata ta faɗa wa ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa da Jamusanci, cewa gidan Manske ai na Manske ne. Zenaide ta ajiye wuƙar kek, ta amsa mata da Jamusancin, tsaf, irin na Oma Hertha: "Haka ne, 'yata. Lakar ce kaɗai tawa." Ba wanda ya san tana ji. Shekara hamsin tana zaune a ƙarshen tebur, ashe ba barci take yi ba.

Duk da haka aka ɗaga hannu, aka rinjaye ta. Kafinta ɗaya suka yarda ya taɓa gidan, Seu Lindolfo na Pomerode, shi kuwa aiki ya yi masa yawa sai baɗi. Zenaide ta kwashe kofuna. Sai a bakin ƙofa ta riƙo hannun Egon.

"Gara ta shiga katakon nan. In kana so ka tarar da abin kwancewa, aiko min da magani da injin huda."

Egon ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa. Ya koma yana gaya wa kowa Tante ta sauko. Washegari ya aiko da maganin gara da sabon injin huda a kwalinsa.

Duk mai tsohon gida a nan ya san aikin gara: ka huda ɗan rami, ka ɗura magani, ka toshe da garin katako da gam, ka shafa baƙin fenti. Saboda haka ba wanda ya ɗaga kai da aka fara jin ƙugin inji da bugun guduma daga gidan Manske kowace hantsi. Har yaba mata ake yi. Matata ma sai da ta ce in dubi tsohuwa tana gyaran gida, ni ƙofar banɗakinmu ta fi shekara tana kuka.

Zenaide ta fara da mahaɗar da ke kusurwar ɗakin girki, inda kakan kakan ya sassaƙa alamarsa ta farko. Ta huda a karkace, yadda ramin zai ratsa bakin ya ratsa harshen da ke ciki. Ta ɗauki ƙusar, ta saita ta a bakin ramin. Sau nawa ta ji Arno yana shafa ginshiƙin nan yana gaya wa baƙi babu ƙarfe a gidan ubansa, fuskarsa tana ƙyalli kamar shi ya haifi itacen? Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan. Ta tagar tana hango wake ya fara kama sanda.

"Kai ka tafi ka bar ni da su," ta ce da shi. "In kana da magana ka dawo ka faɗa."

Bai dawo ba, ta buga.

Tsohon katakon nan ya fi ƙashi tauri. Ƙusoshin farko lanƙwashewa suka riƙa yi, har ta gano in ta goga musu sabulu suna shiga ba gardama. Kowace mahaɗa ƙusa biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, su gitta juna a cikin harshen, ta nutsar da kan da wani guntun ƙarfe, ta toshe, ta shafe da fenti. Ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, tana ɗura maganin garar kafin ta sa ƙusar. Ta gama ɗakin girki ta shiga falon gaba, wanda aka ce hannunta zai karce, ta ja kabad ɗin tangaran gefe ta huda bayansa. Kafaɗarta ta kumbura, ta ɗaure da ganyen kabeji ta ci gaba. Ta hau tsani da inji a wuya, macen da ta haura saba'in, dinya tana ƙasa tana gadin tsanin.

Bayan abin da ya sami wandona, ta shigo shago ranar Laraba kamar kullum.

"Dona Zenaide, akurkin nan ya kusa kuwa? Kajin nan naki ko babban coci bai kai su ɗakuna ba."

"Saura rufi."

"Rufi yana son masu tsawo."

"To me kake jira? Ka tsaya kana kallona kamar kifin da aka manta a rana."

Na auna mata, na naɗe a jarida. Ni ɗan kasuwa ne, ba fasto ba.

Shekara ta zagayo. Egon ya share filinsa na kan tudu, ya zuba harsashi, ya yi magana da mai mota. Wata Asabar da safe ya iso da Seu Lindolfo don a bi mahaɗai a sabunta alamomi kafin a fara sauke rufi. Dangi suka biyo shi da kyamarori, maƙwabta muka taru a bakin shinge, ni har da sabon wando. Zenaide ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburin baranda, ta jera kek iri biyu, ta sa rigarta ta zuwa biki.

Seu Lindolfo tsoho ne siriri, ba ya son surutu, fensir a bayan kunne. Ya zagaya gidan sau ɗaya yana shafa katako kamar mai sayen doki. Ya tsaya a kusurwar ɗakin girki, ya sa kurfi yana kankare fenti don ya ga tsohuwar alama. Kurfin ya yi ƙarar ƙarfe. Ya tsaya, ya duba bakinsa, ya ƙara kankarewa. Wani abu ya yi ƙyalli.

Ya matsa mahaɗa ta gaba ya kankare, ya wuce ta gaba. Ya shiga falo, muka ji an ja kabad. Ya nemi tsani ya hau sama, ya daɗe. Da ya sauko ya cire hularsa ya zauna a matakalar baranda.

"Seu Egon, wa ya yi muku aikin gara?"

"Tante ce, da hannunta," in ji Egon yana murmushi. "Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Gidan nan ba ya kwantuwa."

Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Kowane harshe an gitta masa ƙarfe biyu. In aka fitar da turke aka ja, harshen ne zai tsage. In aka ce a haƙo ƙusoshin, sai an fafe rabin gungumen. Abin da ya rage sai zarto, a yanke kowace mahaɗa, kuma abin da zai isa kan tudu itacen girki ne, shi kuwa ba ya sa hannunsa a wannan.

"Kuma ku sani," ya ƙara, yana duban Zenaide, "ƙarfe a cikin katakon da yake shan ambaliya tsatsa yake yi, ya kumbura, ya fasa itacen daga ciki. Ba yau ba, ba gobe ba. Amma gidan da zai iya ƙara shekara ɗari, yanzu ba zan rantse masa da talatin ba."

"Na sani," in ji ta. "Kek ɗin ayaba ko na inabi?"

Egon ya tafi kusurwar ya sa yatsa a kan ƙusar. Wuyansa ya yi ja, sannan kunnuwansa, sannan idanu suka cika.

"Tante, kin kashe gidan."

"Na dai hana shi tafiya."

"Mutum huɗu suka gaje shi, uba ya ba ɗa, ba wanda ya taɓa sa masa ƙarfe! Kawu Arno da yana raye..."

"Kawunka da yana raye, da yana zaune a kujerar can yana karanta jarida, ni ina wanke laka. Kar ka kira min shi shaida, na fi ka saninsa."

"Don ke muka yi! Na same ki a saman rufi kamar kaza, Tante, na kasa barci wata guda. So kike in zo wata rana in tarar da ke kina yawo a falo fuska a ƙasa?"

Ta ajiye butar kofi. Muryarta ba ta tashi ba, amma har bakin shinge muka ji.

"Egon, na goye ka a lambun can, na san kana sona. Amma katako kuka zo ceto, ni kuka haɗa da shi kamar ƙugiyar tawul. Ka tambaye ni sau ɗaya ko ina tsoron kogi? A cikinsa aka haife ni. Kakarka ta ba ni bayan gida don ta wulaƙanta ni, na karɓa, na mai da shi abin da kuke cika mota da shi duk Kirsimeti. Gidan naku ne, ban musa ba. Ga shi nan, ku zo ku zauna, ku kawo 'ya'yanku. Amma inda yake nan zai tsufa, tare da ni."

'Yar'uwar nan ta ce za a iya kai maganar gaban alƙali. Zenaide ta ce a kai, tana da rigar zuwa kotu, kuma za ta so ta ji yadda za a gaya wa alƙali an kama tsohuwa da laifin buga ƙusa a gidan da take kwana. Wani daga bakin shinge ya tuntsire da dariya, aka harare shi. Ni ne.

Nan Egon ya juyo. "Nereu! Ƙusoshin nan duka, daga ina?"

"Seu Egon, ni akurkin kaji aka ce min."

"Akurkin kaji! Buhu guda na ƙusa?"

"Ban taɓa kiwon kaji ba, ban san abin da suke ci ba. Injin hudar dai ba daga shagona ya fito ba."

Egon ya share fuska da hannun riga, ya nufi motarsa. Zenaide ta bi shi da buhun rogo da ta haƙa tun da asuba. Ya ce ba ya so. Ta buɗe bayan motar da kanta ta jefa, ta rufe. Bai fitar ba. Seu Lindolfo kuwa sai da ya ci kek iri biyun, ya tambaye ta da me ta shafa wa ƙusoshin suka shiga katakon nan ba su lanƙwashe ba, ya jinjina kai, ya tafi.

Ba a je kotu ba. Harsashin kan tudu yana nan, ciyawa ta rufe shi. Mai tireloli ya sami wani fili. Egon ya yi wata uku bai taka layinmu ba, sannan wata rana aka ga motar burodi a ƙofar gidan, ya kafa mata ƙaramin tsani mai marfi daga ɗakin sama zuwa kan rufi, ya ɗaure kwalekwale a gindin ayaba, ya tafi bai sha kofi ba. Ta ce kofin zai zo daga baya.

Kwanan baya na kai mata igiyar ɗaure wake. Na same ta a ƙasan gangare, ƙafa cikin laka, tana dasa gwaza. Kogi yana wucewa a bayanta, ja, a cike, yana ɗauke da rassan itace. Daga nan in ka ɗaga kai gidan yana tsaye a sama, baƙi da ja, ba abin da ya nuna.

Na ce, "Dona Zenaide, tsakanina da ke. Kin ji abin da kafinta ya ce. Kuma kin san ranar da kika rufe ido, ko kwana arba'in ba za a yi ba za su zo da zarto su yanka shi gunduwa-gunduwa. Duk wahalar nan, kafaɗa, tsani, fushin dangi, don me?"

Ta miƙe, ta dafa kunkumi, ta karɓi igiyar ta ja ta da hannu biyu ta gwada ƙarfinta.

"Ranar nan ba ni da kunnen jin zarto, Nereu. Ka dai yi min alheri ɗaya, ka tabbata a shagonka suka saya. Da irin zarton da kake sayarwa, gidan zai ƙara shekara goma."